Kunnen Safara'u a Ƙirjin Haladu

Idan aka bar Haɗeja aka nufi wajen Auyo ta cikin fadama, akwai wani ɗan ƙauye bisa tudu wanda ruwa ke zagayewa duk ƙarshen damina, ya mai da shi tsibiri sai kaka ta yi nisa. Masunta ne da manoman shinkafa, gidajen ba su da yawa, kowa ya san abin da ke cikin tukunyar kowa. A nan Safara'u mai banda ta yi zaman aurenta, zamanin Turawa, bayan jirgin ƙasa ya fara tsayawa a Malam Madori.

Ba 'yar garin ba ce. Iyayenta Fulani ne da shanu suka ƙare musu suka kama noma a gefen Auyo, don haka ranar da aka fara miƙa mata tarwaɗa ko riƙewa ba ta iya ba, ta suɓuce mata ta koma ruwa, mata suka yi ta sheƙa dariya. Amma Safara'u ba irin wadda ake yi wa dariya sau biyu a kan abu ɗaya ba ce. Kafin ta yaye 'yarta ta fari ta san itacen da ke ba kifi ƙamshi da wanda ke sa shi ɗaci, ta san wutar da ke busarwa da wadda ke ƙonawa. Bandarta ta yi suna har fataken da ke loda kifi a jirgi suka riƙa tambayarta da suna. Ita da kanta take kai kayanta kasuwar Malam Madori, ta yi ciniki, ta yi faɗa, ta dawo da labarin duniya. Mace ce mai murya, in ta yi dariya ana ji daga bakin ruwa, in ta yi kuka ma haka.

Mijinta Haladu kuwa sanyin hali gare shi. Dogo ne, ba ya magana sai an tambaye shi, in an tambaye shi ma sai ya ɗan yi tunani. Su yake yi da gora, irin babban goran nan da masunta ke kifa ƙirji a kai su yi ta yawo bisa ruwa, ƙafafu na tuƙi ta baya, hannaye riƙe da homa, wato ragar kama kifi, duk kifin da aka kama a jefa ta bakin goran. Sun haifi uku, biyu suka koma tun suna goye, sai Mairam da ta yi aure cikin birnin Haɗeja. Akwai kuma ƙaninsa Isa, wanda gidansa ke jikin nasu, abokin wasan Safara'u. Ba ya wucewa ta ƙofar gidan bai leƙo ya ce, "Matata, ina nawa kason?" ba, ita kuma ba ta fasa jifansa da kan kifi.

Wata bazara, ranar da Sarkin Ruwa ya buɗe wani tafki aka shiga su, Haladu ya fito yana jan goransa cike da karfasa, sai ya tsaya cak, ya dafe ƙirji, ya durƙusa cikin laka. Daga baya ya ce ji ya yi kamar an ɗora masa turmi a ƙirji, ciwon ya bi kafaɗar hagu ya sauka hannu, ya hau har muƙamuƙi. Gumi ya yi ta keto masa, ya yi amai. Aka kai shi gida, wanzami ya yi ƙaho, Liman ya yi rubutu, tsofaffi suka kawo saiwoyi. Ya sha kwanciya, ya tashi, aka yi ta zuwa barka, kowa ya ce ciwo ya tafi.

Ina! Bai tafi ba. Haladu ya koma ruwa, amma ba Haladun da aka sani ba, ɗan tuƙi kaɗan sai haki, in ya miƙe tsaye sai duhu ya rufe masa ido. Wata rana yana cin tuwo ya ce da matarsa, "Safara'u, kin san in na kifa ƙirji a kan gora ina jin zuciyata a cikinsa?"

"To da ta wa za ka ji, Malam?"

"Ba yadda take da ba ce. Yanzu kamar mai daka ce da ta gaji. Ta ɗaga taɓarya, sai in yi ta jira ta sauke."

"Yunwa ce," in ji ta. "Ci tuwonka."

Damina ta yi kyau a shekarar, gulbi ya cika ya tumbatsa, ƙauyen ya zama tsibiri. To a irin wannan lokaci mutuwa aiki ce babba a garin, domin maƙabarta tana kan wani tudun daban, sai an shiga kwalekwale an ratsa ciyawa da gonakin shinkafa kafin a kai. Ba mai tuƙi cikin duhu a wannan hanya, ba kuma mai son gawa ta kwana a gida cikin zafi. Saboda haka duk wanda ya cika da rana, idon kowa a kan ranar yake, ana sutura ana duba inuwa.

Ranar nan bayan azahar Haladu yana bakin ruwa yana taya wasu jan kwalekwale, sai kawai ya zube. Ba ihu, ba dafe ƙirji. Fuskarsa ta yi fari fat, jikinsa ya yi sanyi. Aka yayyafa ruwa, aka kira sunansa a kunne, shiru. Wani dattijo ya taɓa wuyansa, ya riƙe hannunsa ɗan lokaci, ya girgiza kai. Aka ɗauko shi a tabarma. Safara'u na gaban wutar banda ta ga yadda suka shigo da shi, kai na lilo, sai ta ɗora hannu a ka ta ƙwala kuka. Wannan kukan shi ya yanke magana. Mata suka amsa daga gida gida, maza suka taso daga gindin inuwa, ba wanda ya sake tambayar ko ya cika ko bai cika ba.

Liman, Malam Tukur, ya dubi rana ya ce a hanzarta. Aka tura samari gaba su haƙa kabari, aka tsinko ganyen magarya, aka yanka likkafani. Isa ne ya shiga wanka, idanunsa jajur. Ya ɗaure wa yayansa haɓa, ya yi bismilla, ya zuba ruwan farko. Sai gawa ta ja wani dogon numfashi. Jini ya dawo fuskar Haladu, ya buɗe ido, yana son magana haɓa a ɗaure. Isa ya yar da buta, ya yi waje da gudu har ya bangaje Liman. Da aka yi ƙarfin hali aka kwance ƙyallen, Haladu ya saurari koke-koken da ke tashi a tsakar gida, ya ce a hankali, "Wa ya rasu?"

Kai, garin ya samu abin dariya. Har kaka ta wuce ana maimaita "wa ya rasu", ana tsokanar Isa da gudun da ya yi. Safara'u ce kaɗai ba ta taɓa yin dariyar ba. Ta ji cewa samarin sun gama haƙa kabarin sarai, suna zaune suna jira. Da Haladu ya ƙara ɗan jinkiri, da yanzu wani zancen ake. Kuma ta san muryar wa ta tara mutane.

Washegarin ranar da ya farfaɗo, da hantsi, da 'yan barka suka ragu, Haladu ya kira ta ɗaki.

"Ni ba mutuwa nake tsoro ba, Safara'u. Kowa da ranarsa. Abin da nake tsoro in farka a can, ƙasa a kaina."

"Daina faɗa, Malam."

"Zai sake faruwa, ina ji a jikina. Duk ranar da na faɗi, kada ki bari su ɗauke ni sai kin tabbata. Ke nake roƙo, ba su ba. Su rana suke dubawa."

Ta ce, "Wallahi ko Bulama ne da kansa, ba zai taɓa ka ba sai na ce." Bulama shi ne mai garin, kuma duk wanda ya san Safara'u ya san ba cika baki ta yi ba.

Da ruwa ya janye hanya ta buɗe, ta sa Isa ya ɗora Haladu a jaki suka tafi Haɗeja, suka sauka gidan Mairam, suka je wurin malamin asibiti, wani Malam Shu'ibu. Mutumin kirki ne, bai yi musu gaggawa ba. Ya sa Haladu ya ba shi labarin ciwon bazara tun daga farko, ya riƙe masa hannu yana kallon agogo, ya daɗe, ya sake riƙewa. Sannan ya ce bugun bai kai rabin na mai lafiya ba. Ya ce wancan ciwon na bazara jini ne ya toshe wa wani sashe na zuciyar har naman wurin ya mutu, kuma ta wurin ne saƙo ke bi daga saman zuciya zuwa ƙasanta yana cewa ta buga. Yanzu saƙon wani lokaci ya isa a makare, wani lokaci ba ya isa sam, sai zuciyar ta tsaya tana jira, shi kuma ya faɗi.

Safara'u ta ce, "To a yi masa allura, Malam."

Malam Shu'ibu ya girgiza kai. Ya ce ko likita Bature da ke zuwa daga Kano ba shi da allurar wannan. Ya hana shi shiga ruwa, ya hana shi ɗaukar kaya mai nauyi. Da ta ba shi labarin wankan da aka fara, bai yi dariya ba. Ya ce, "Inna, hannu yana ruɗi, bugun ya yi nisa da juna, mai taɓawa sai ya gaji ya saki. Ki sa kunnenki a ƙirjinsa, nan gefen hagu. Ki daɗe."

Tun daga ranar rayuwar Safara'u ta canza. Ta daina zuwa Malam Madori. Kifinta sai dai ta ba wasu su kai, su dawo su faɗa mata abin da suka ga dama, ta san ana cutarta ta yi shiru. Bikin dangi a Auyo, suna, ta'aziyya, duk ta yafe. Ko rijiya za ta, sai ta leƙa ta ce da matar Isa ta sa ido. Matar da a da ba ta iya kwana biyu ba ta taka kasuwa ba, ta koma ba ta wuce inda za a kira ta ta ji. Ba za a ce ba ta ji ciwon haka ba. Ranar kasuwa in ta ga mata sun ɗaura kaya sun kama hanya, takan tsaya bakin zana ta bi su da kallo, ta dawo ta huce a kan kaji.

Haladu ya rataye goransa, ya koma gyaran homa da saƙar tabarmar kaba a gindin wata tsamiya da ke ƙofar gida. Ya ci gaba da faɗuwa, wani lokaci sau da yawa a wata guda, wani lokaci a daɗe ba a gani ba. Galibi kafin ta ƙaraso ya farfaɗo, yana kakkaɓe riga yana jin kunya. In kuwa ya daɗe, sai ta durƙusa, ta buɗe rigar, ta kifa kunne, ta ɗaga wa mutane hannu su yi shiru. Ta yi ta jira har ranta ya kusa fita, can sai ta ji dum, can ƙasa. Ta sake jira, dum. Sai ta ɗago ta ce, "Yana nan. Kowa ya kama gabansa." Mutane suka saba, har yara suka daina tsayawa kallo. Isa yakan ce, "Matata, ni ma ƙirjina na ciwo, zo ki saurara." Ta ce, "Naka ai ba komai ciki sai iska."

Haka suka yi 'yan shekaru, kuma ba shekaru marasa daɗi ba ne. Ma'auratan da a da ɗaya ke ruwa ɗaya ke kasuwa, sai ga su wuni guda a inuwa ɗaya, tana tsire kifi yana ɗaure zare. A lokacin ne ta gano ashe mijin nata ya iya hira, jira kawai yake a yi shiru.

Ranar da abin ya zo, ruwa a cike yake kamar wancan karon. Da hantsi ne, ya gama shan kunu, homa na kan cinyarsa, sai ya kife gefe guda. Safara'u ta ajiye abin da ke hannunta ba tare da firgita ba, ta zo ta kifa kunne. Ta jira. Ta gyara zama ta sake kifawa. Ta jira fiye da duk jiran da ta taɓa yi. Sai ta kira Isa da murya ƙasa-ƙasa, suka kama shi suka shigar ɗaki, suka kwantar a gado. Ta ce, "Kada wadda ta yi mini kuka a gidan nan." Ta saki tabarmar ƙofa, ta zauna kusa da shi.

Labari ya bazu duk da haka. Mata suka cika tsakar gida suna zaune shiru, maza suka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya. Aka yi azahar. Inuwa ta fara juyawa gabas, masu kwalekwale suka fara kallon sama. Malam Tukur ya shigo har ƙofar ɗakin ya yi sallama, ya yi magana daga waje.

"Safara'u, ba mu manta wancan karon ba, ni ma ban manta ba. Amma haƙƙin mamaci ne a gaggauta kai shi makwancinsa. In la'asar ta yi nisa ba za mu iya ƙetarewa ba."

"Allah gafarta Malam, ban ce a fasa ba. Na ce ba yanzu ba."

"Kin ji wani abu?"

"Ban ji ba."

"To?"

"Wancan karon ma ba wanda ya ji."

Wasu daga waje suka fara gunaguni, wani ya ce a shiga a janye ta, mace ba ta hana sutura. Isa ya tashi ya zo ya zauna a bakin ƙofar, ya miƙe ƙafafu ya tare hanya. Shi ya zuba ruwan nan a kan mai rai, ba ya bukatar a yi masa bayani. Malam Tukur ya dube shi, ya koma gindin tsamiya ya ciro carbi, ya ce da mutane, "A ba ta lokaci."

A ciki, Safara'u ta yi ta kifa kunne tana ɗagowa. Wani lokaci sai ta ji kamar bugu, ranta ya yi fari, sai ta gane nata ne ke amsawa a kunnenta. Ta shafa masa ƙafafu, ta kira shi, ta yi masa faɗa ma, ta ce ya tashi mutane na jira ya bar su cikin rana. Tsoro biyu ne suka sa ta tsakiya. In ta sake shi da sauran rai, ta ci amana. In kuma ta tabbata, to ta rasa shi ke nan. Gaskiya ita ce ba ta son ta tabbata.

Ana kiran la'asar ta kama hannunsa za ta gyara masa shi a kan ƙirji, sai ta ji yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Ta taɓa muƙamuƙinsa, ya sandare. Wuyan ma haka. Duk faɗuwar da ya yi a shekarun nan jikinsa laushi yake yi, bai taɓa yin haka ba. Ta riƙe hannun ɗan lokaci. Sannan ta shafa idanunsa, ta ja mayafi ta rufe shi, ta ɗaga tabarmar ƙofa.

"Isa," in ji ta, "ku shiga. Ya tafi."

Aka yi wanka, aka yi sutura, aka yi salla a ƙofar gida cikin hanzari, aka sa makara a kwalekwale. Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka ta zauna a ɗakin da aka fitar da shi, mata na shigowa suna yi mata gaisuwa, tana amsawa. Ta tabbata, ta san ta tabbata. Amma duk da haka hankalinta na can kan tudun, tana lissafin yanzu sun isa, yanzu sun sauke shi, yanzu suna jera itace.

Rana na gab da faɗuwa masu kai gawa suka dawo. Isa bai tsaya gindin tsamiya wurin addu'a ba, ya wuce kai tsaye cikin gida, laka har gwiwa, ƙasar kabari a rigarsa da gefen fuskarsa. Ya tsuguna a ƙofar ɗakin. Bai ce "matata" ba.

"Yaya," in ji shi, "ni na shiga ramin na karɓe shi. Kafin a jera itace na ce su dakata. Na sa kunnena a ƙirjinsa."

Ta dube shi. "Gefen hagu?"

"Gefen hagu."

"Ka daɗe?"

"Na daɗe. Har Liman ya yi gyaran murya, ban tashi ba. Babu komai, Yaya. Wallahi babu komai."

Safara'u ta sauke wani numfashi da ta riƙe tun hantsi. Ta ce, "To madalla. Allah ya yi maka albarka." Ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta miƙa masa ya wanke fuskarsa.